Kawu Jiniya da Tsohuwar Motar Asibiti

Ƙanin mahaifiyarmu direban motar asibiti ne har ya yi ritaya, shi ya sa kowa a layinmu ke ce masa Kawu Jiniya. Mutum ne gajere, mai sanyin magana, amma in ya riƙe sitiyari hannunsa ba ya rawa ko da ana kuka a bayansa.

Bayan ya bar aiki sai ya ji za a yi gwanjon tsofaffin motocin asibitin, ciki har da wadda ya fi daɗewa yana tuƙawa. Ya je ya saye ta, aka jawo ta da igiya har ƙofar gida. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta leƙo ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan mota ce ko akurkin kaji?"

"Ba ta da lafiya ne kawai," in ji Kawu. "Ai ta ɗauki marasa lafiya da yawa, yanzu nata layin ya zo."

Injin dai bakanike ya tayar. Abin da Kawu ya ce ba mai taɓa masa shi ne ƙarafan kurom, masu ƙyallin nan: bamba, zoben fitilu, mariƙin ƙofofi. Duk tsatsa ta yi musu jajajir. Da zafinsa ya ɗauki samfefa ya dirje zoben fitila ɗaya. Tsatsar ta fita, ƙyallin ma ya bi ta, ƙarfen ya koma toka-toka, duk karce. Ranar ko abincin kirki bai ci ba.

Wani tsohon mai gyaran keke a bakin titi ne ya ga zoben ya girgiza kai. "Haba, Direba! Kurom ai ɓawo ne siriri a kan ƙarfe. Lallaɓa shi ake yi." Ya nuna masa yadda ake dunƙule takardar aluminiyam ta naɗe abinci, a tsoma a ruwa, a riƙa shafawa a hankali.

Daga nan Kawu ya kafa benci a ƙarƙashin rumfa. Ya kwance bamba ya wanke da sabulu, inda tsatsar ta yi kauri ya ɗiga ruwan lemon tsami ya bar shi ya jiƙa, sannan ya bi da takardar har wani baƙin ruwa ya riƙa gangarowa. Ya ɗauraye, ya tsane da tsumma, ya shafa man goge mota don kada danshi ya sake shiga. Inna ta yi ta neman lemonta da burushin haƙorinta tana rasawa, har ta gaji ta jawo kujera kusa da shi ta ce:

"Ba ni mariƙin ƙofar nan, yatsunka sun yi kauri da wannan lungun."

Akwai wurare a gefen bambar da tsatsa ta riga ta ci har ta yi ramuka. Waɗannan ba su gyaru ba. Kawu ya tsabtace su, ya shafe da fenti ruwan azurfa, ya ce iyakar abin da hannu zai iya ke nan.

Ranar da aka mayar da komai, mutanen layi suka fito suna duba fuskokinsu a jikin bamba. Ana cikin haka sai ga tela maƙwabcinmu a guje, wai mahaifiyarsa ta zame a banɗaki ba ta iya tashi, kuma ba za ta zaunu a ƙaramar mota ba. Kawu bai ko wanke hannu ba. Ya sa aka shimfiɗa katifa a baya, ya nuna yadda za a ɗago ta kada ƙugun ya motsa, ya ja motar zuwa asibiti kamar mai ɗauke da ƙwai.

Tsohuwar ta warke, tana takawa da sanda. Tun daga lokacin duk wanda ciwo ya kwantar a layinmu ƙofar Kawu ake bugawa. Da idonsa ya fara rauni, babbar 'yarsa ta karɓi tuƙin. Shi kuwa yana zama a gefenta, yana ta ce mata ta rage gudu a kwana.