Simintin da Ka Shafa wa Rijiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekarar da ruwa ya tafi da gada muka karɓi tsaron tsohuwar rijiya daga hannun iyayenmu, ni da kai. Ran Talata, tara ga wata, ka bar mini ita ni kaɗai. Ban iya rubutu ba, 'yata ce ke riƙe da biro, na kuma hana ta gyara mini magana.

Ƙanena, kana da kirki, ba mai musu. Shekara arba'in ba ka bar tsohuwa ta ja guga a gabanka ba. Kirkin nan ne ya kai mu ƙasa.

Da aka ce masana za su zo duba wuraren da aka ba da sunansu don shiga kundin tarihi, har da rijiyarmu, sai ka ce ba a tarar baƙo da ƙazanta. Dutsen bakin rijiyar duk sawun igiya ne, wani sawun har yatsa uku ke shiga cikinsa, aikin kakannin da ba mu san adadinsu ba. Na ce ka bar shi. Na yi kwana biyu a asibiti, ka shafe shi da siminti, ka bi da fenti.

Shugabar masanan ta ƙwanƙwasa bakin rijiyar da biro ta ce, "Baba, wannan ai na girme ta."

Na ce, "Ranki ya daɗe, zauna in jero miki waɗanda suka haƙa ta."

Ta ce, "Baki ba hujja ba ne."

Ko ruwan da ka ɗebo musu ba su sha ba. Takarda ta biyo baya: rijiya ba ta cancanta ba, ƙarshen watan nan za a cike ta a yi wurin ajiye motoci.

Unguwa ta koma kiran ka Siminti. Ni na fara, a gaban jama'a. Wata biyu ban amsa sallamarka ba. Matarka ta ce ran da za ka cika ka tambaya ko na zo. Ban zo ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya shayar da kai yadda ka shayar da mutane. Matarka da 'ya'yanka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ba na roƙon ku gaishe ni.

Gobe da safe zan ɗauki ƙaramar guduma in ɓamɓare simintinka a hankali, sawu bayan sawu. Masana ba za su dawo ba. Amma mai motar da zai juye ƙasa, sai ya gani da idonsa kafin ya juye.