Ranar da Na Goya Nenne

Duk wanda ya tashi a Jos ya san sanyin damina ba ya wasa. A gidanmu na unguwar Ali Kazaure, da an idar da sallar isha'i sai mu yara mu ɗunguma ɗakin kakarmu, mahaifiyar babanmu, wadda kowa ke kira Nenne. A ɗakinta kaɗai ake hura gawayi a kasko. Muna cewa tatsuniya muka zo ji, amma tsakani da Allah rabin abin da ke kawo mu masarar da take gasawa ce. Ni ne babba a jikokinta maza, don haka ni ne "maigida", irin tsokanar nan ta kaka da jika. Kullum sai ta yi mini gorin cewa ta auri rago, ko gishirin miya ban taɓa kawo mata ba.

A ruga aka haifi Nenne, can wajen duwatsun Shere, aure ne ya shigo da ita gari. Ba ta taɓa cewa tana kewar shanu ko bukka ba. Abu ɗaya ne ke sa muryarta ta yi laushi, wato furen albasar kwaɗi, wanda ke fitowa bayan ruwan farko, fari mai jan layi a tsakiya. Ta ce yakan rufe fadama kamar an shanya wanki, bayan 'yan kwanaki kuma ka neme shi ka rasa. "Rabona da shi tun haƙorana suna cike," in ji ta. "Ina so in ƙara ganinsa sau ɗaya kafin a kira ni."

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran mutane ke yi. Sai ta juya masara ta ce, "Ga ta nan ta gangaro daga dutse." Mu kuma mu amsa, "Ta matso ta ji ɗumi!"

Wadda muka fi so ita ce ta Dudu, yarinyar da ke zaune da kakarta gurguwa. Da aka yi ruwan farko, tsohuwar ta ce tana marmarin ganin furen fadama. Dudu ta ruga ta tsinko ƙwarya guda fal, amma kafin ta iso gida duk ya langaɓe kamar dafaffen alayyafo. Washegari ta ɗauki fartanya ta tono shi da saiwarsa, ta dasa a ƙofar ɗaki. Ta shiga kiran kaka ke nan, akuya ta zo ta yi kalaci da shi. Dudu ta koma fadama ta zauna tana kuka, sai ga wani ƙaton kwaɗo. A nan Nenne take kumbura kumatu ta maƙe murya:

"Ke wace ce ke yi mini ɓarna? Albasata ba ta zuwa gidan kowa. Mai son ganinta ya tako."

"Kakata ba ta da ƙafa," in ji Dudu.

"To ke ba ki da baya?"

Sai Dudu ta koma gida, ta sunkuya, ta goya kakarta da zani, ta kawo ta har tsakiyar furanni.

Nan muke fashewa da dariya har da faɗuwa kan tabarma. Tsohuwa a baya kamar jaririya! Ni na fi kowa ƙyaƙyatawa. Nenne takan nuna ni da totuwar masara ta ce, "Yi dariya, maigida. Na goya ubanka, na goya ka, har fitsari ka sha yi mini a baya. Wata rana sai na rama." Daga nan ta rufe da cewa, "Ƙurunƙus, garwashi ya yi toka, kowa ya nemi bargonsa."

Shekaru suka ja, aiki ya kai ni Abuja. Gwiwoyin Nenne suka daina ɗaukarta, idonta ma ya fara hazo. Wani zuwa da na yi na nemo mata hoton furen a waya, ina jin na yi abin kai. Ta kanga wayar a hancinta, ta miƙo mini abata. "Wannan ba ya ƙamshi," ta ce.

Matata Hadiza ce ta gano cewa an buɗe wani wurin hutu a wajen Shere, inda ake kwana a tanti amma da gado da banɗaki a ciki, mutane suna zuwa musamman don ganin furanni a farkon damina. Babanmu ya ce sam, jikin tsohuwa ba zai ɗauka ba. Nenne ta harare shi. "Mijina zai kai ni yawon amarci, ina ruwanka?" Haka muka zauna jiran ruwa, ni kuwa ina ta ƙirga kwanaki, don likita ya riga ya gaya mana ganin nata ba lallai ya kai baɗi ba. Da masu wurin suka bugo waya cewa fure ya buɗe, a ranar na kamo hanya.

Da muka tura ta a keken guragu zuwa bakin tantin, Nenne ta daɗe tana ƙare masa kallo. "Maigida, bukkar da na gudo daga cikinta ce ka dawo da ni?" Amma da ta danna katifa, ta ji laushin bargo, Hadiza kuma ta murɗa mata famfo ruwan zafi ya zubo, sai ta kama haɓa. "Da haka tamu take, da a daji za a haifi ubanka." Da yamma aka hura wuta a tsakar wurin, baƙi suka kewaye ta, ita kuma tana ta yi musu gyara a kan yadda ake gasa masara.

Da safe ne matsala ta fito. Furannin suna can ƙasa a kwari, hanyar kuma siririya ce tsakanin duwatsu, ga santsin ruwan jiya. Keke ba zai bi ba. Daga inda muke ni ina hango su fari fat, amma Nenne ta ƙanƙance ido ta ce hayaƙi kawai take gani. Matar da ke kula da wurin, mai kirki ce ƙwarai, ta matso ta ce, "Oga, no wahala. Bari a yanko ma Mama, a sa mata a kwalba, ta ga abinta a nan."

Na kusa cewa to. Tsoro nake ji kada in zame da ita, ban san da wane ido zan kalli babanmu ba. Nenne ba ta ko dube ni ba. Sai kawai na ga ta kumbura 'yan kumatunta, ta maƙe murya ta ce, "To kai ba ka da baya?"

Hadiza ta riga ni ganewa, ta shiga tanti ta ɗauko zani. Na durƙusa, aka ɗora mini ita, aka ɗaure tamau. Rashin nauyinta ne ya fara sa ni ƙwalla, don ko 'yata ta fari ta fi ta nauyi. Ita kuwa ba ruwanta, tana ta dukan kafaɗata tana cewa, "A hankali, wannan jakin bai ƙoshi ba."

Na sauke ta a kan wani dutse a tsakiyar furannin. Ta miƙa hannu ta shafa ɗaya, ta sunkuya ta shaƙa, sannan ta fara yi musu magana da Fulatanci, harshen da ban taɓa jin ta yi doguwar magana da shi ba. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na san gaisuwa ce. Ba ta tsinki ko guda ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba.

Ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada a tsinki fure. Yanzu da nake zaune nesa da gida, ina aika hotuna da saƙon gaisuwa da tsaraba a mota, na gane duk ƙwaryar Dudu ce nake ta cikowa. Suna da amfaninsu, amma akwai ranar da mutum ba abin hannunka yake so ba, kai yake so ka zo ka sunkuya.

A hanyar hawowa ta kwantar da kanta a wuyana, har na ɗauka barci ya kwashe ta. Muna gab da isa tanti, ina haki, sai na ji ta raɗa mini a kunne: "Maigida, yau na rama goyona. Fitsarin kuma na yafe maka."