Tseren Keken da Ƙanena Ya Sa Sunana

Kwana goma sha ɗaya da binne ƙanena wayarsa ta yi ƙara a aljihuna. Ni aka danƙa wa ita saboda masu kiran gaisuwa. Da na duba sai na ga saƙo ne daga masu shirya wani tseren keke da ake yi duk ƙarshen damina a duwatsun Filato, kwana uku ana tafiya, mutum bibbiyu. Sun ce rajistarmu ta kammala. Ga sunansa, ga nawa a ƙasa.

A lokacin na tuna ya taɓa gaya min. Muna cin abinci a zauren mahaifiyarmu ya ce ya sa ni a tseren, na yi dariya na ce tumbina ya fi ƙarfin keke. Shi safiyo ne, mai awon filaye, ya yi shekaru yana aiki a Kano, can ya haɗu da masu hawan keke na motsa jiki. Da aka dawo da shi Azare ya zo da kekuna biyu 'yan gwanjo, masu kaurin taya da giya rututu. Ya ba ni ɗaya kyauta, na jingine shi a bayan ƙofa ban ƙara kallonsa ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a farkon damina. Kwana huɗu ya yi.

Ban yi kuka ba, ko a maƙabarta ko bayan nan. Mutane suna ta yaba tawakkalina, ni kuwa na san ba shi ba ne. Ina zuwa ofis, ina sa hannu a takardu, ina amsa gaisuwa, amma kamar wani ne yake yi ina gefe ina kallonsa. Abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya. In 'ya'yana sun yi min magana sai sun maimaita.

Washegarin saƙon, da na dawo daga sallar asuba, na jawo keken na ba shi iska na hau. Ba zan ce na yanke wata shawara ba. Na ga dai an rubuta rana, kuma rabon da in ga wani abu mai rana a gabana tun kafin ya kwanta.

Na bi hanyar Gadau. Ban yi nisa ba numfashina ya ƙare, na sauka na zauna a bakin gonar gero da bai wuce idon sawu ba. Kashegari na sake fita. Bayan mako biyu ina isa Gadau in juyo kafin lokacin aiki. Ni malamin dabbobi ne, aikina yawon rugage, sai na ajiye babur na koma ɗaure akwatin allura a bayan keke. Haka na riƙa zuwa har ƙauyukan Bulkachuwa. Abokan aiki suka ɗauka tsadar mai ce, na bar su a haka.

Matsalar ita ce ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Azare har Katagum ba tudun da zai sa ka canza giya. A wayar ƙanena na tarar da wani rubutu da ya yi wa kansa, ya tsara abin da zai yi kowane mako. A wurin hawan tudu ya rubuta a shiga rairayi, ranar Asabar kuma a tafi duwatsun Shira. Na bi tsarin kamar yadda majinyaci ke bin takardar magani. In ya ce awa biyu, awa biyu nake yi. Akwai inda ya rubuta, "Yaya zai yi ƙorafi a nan, a yi haƙuri da shi." Na karanta, na wuce layi na gaba.

Sai da aka yi sadakar arba'in na kira masu tseren. Wata yarinya ce ta ɗauka. Na ce mata ɗaya daga cikinmu ya rasu. Ta yi min gaisuwa, sannan ta ce ƙa'idarsu sai mutum biyu, saboda in ɗaya ya faɗi a daji akwai mai tsayawa a kansa.

"Baba, in ka samu wani ka turo sunansa kafin ƙarshen wata," in ji ta. "In ba a samu ba sai dai baɗi."

Na ce to. Ban nemi kowa ba. Na ci gaba da fita kamar ba a yi maganar ba.

Akwai wani Bafulatani da na shekara goma ina yi wa shanunsa rigakafi, rugarsu tana gaba da Gadau kaɗan. Sa'ana ne, siriri, ba ya son dogon zance. Kullum da sassafe yana kawo madara Azare a jarka biyu a kan wani baƙin keke marar giya. Kusan kowace safiya muna haɗuwa, ni ina fita shi yana shigowa, mu ɗaga wa juna hannu. Wata rana na makara, ya riga ya sauke madararsa ya juyo, sai ya cim min a wata doguwar hanyar rairayi da nake ratsewa. Ina ta fama ina haki, ya zo ya wuce ni a zaune daram, kamar a kan kwalta yake. Can gaba ya tsaya a inuwar wata tsamiya yana jirana.

Mu asalinmu Barebari ne, don haka akwai wasa tsakaninmu.

"Likita, wa ya kore ka?" in ji shi. "Wata biyu ina ganinka kana gudu, na duba bayanka ban ga kowa ba."

Na gaya masa komai a taƙaice, har da maganar mutum biyu. Ban yi niyyar roƙonsa ba. Ya tsuguna yana duba haƙoran giyar kekena, yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

"A can Jos ne?"

Na ce kusa da nan.

"Mahaifina ya yi kiwo a can yana saurayi. Har ya mutu yana ba mu labarin sanyin wurin." Ya miƙe ya karkaɗe hannu. "Ai ba a barin Babarbare ya yi tafiya ba ubangidansa. Ka rubuta ni."

Saura keke. Na ƙanena yana gidansa, kuma na marayu ne yanzu. Na je na yi sallama, matarsa tana cikin takaba, ta amsa daga bayan labule. Na ce aro na zo nema. Ta turo makullin sito ta ƙasan labulen.

"Yaya, hular kwanon tana rataye a jikin ƙusa. Ka haɗa da ita."

Na tarar da busasshen taɓo a jikin tayoyin, na fitarsa ta ƙarshe ne. Na tsaya ina kallo, ina jira in ji wani abu. Da ban ji ba na fito da keken na kulle siton.

Daga nan muka riƙa zuwa Shira tare duk Asabar. Abokin tafiyata ya ƙi sa ɗamammen wandon da ake hawa da shi, sai da muka daidaita zai sa shi a ƙarƙashin nasa. Giya ma ya raina ta, ya ce ta ragwaye ce, har ranar da dutse ya tsayar da shi cak a tsakiyar hawa ya sauko yana tura keken. Bayan nan ya koya, kuma cikin mako uku ya fi ni. A hawa ba na ganin ko bayansa. A gangara kuwa tsoro yake ji, yana matse birki har taya ta riƙa ja. Ni sakin keken nake yi. Ina ganin duwatsu suna tahowa, na san in na faɗi zan karye, amma sanin bai wuce kaina ya sauka ƙirjina ba.

Asabar ta biyar na faɗi. Tayar gaba ta shiga tsakanin duwatsu biyu, na tashi ta saman kan keken na sauka a kafaɗa. Gwiwar hannuna ta buɗe. Na zauna ina kallon jinin yana bin hannuna yana ɗiga a ƙasa. Abokina ya iso, ya wanke wurin da ruwan gorarsa, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure. Bai yi wasan da ya saba ba.

"Da farko na ɗauka jarumta ce," in ji shi. "Ashe ba ka nan ne. Ni saniya in ta daina kore ƙuda daga idonta, kai nake kira."

Na ce lafiyata ƙalau.

"To. Amma daga yau a gangara ni ne a gaba. Ba za ka wuce ni ba. In ba ka yarda ba ka cire sunana."

Na yarda. Tun daga ranar nake bin bayansa muna saukowa a hankali, birkinsa yana ƙara. Ba don na fara jin tsoro ba ne, alkawari ne na yi.

Gero ya yi kai, aka fara yanka. Na je asibiti aka auna jinina da bugun zuciya, aka sa hannu a fom ɗin da suka turo. Mai gyaran keke na bakin kasuwa ya canza mana sarƙa da robar birki, ya koya mana yin faci a tsaye. Ana jibi za mu tafi mahaifiyata ta ce in kawo mata mutumin. Tun rasuwar ba ta cika magana ba, kuma ba ta taɓa ce min kada in je ba. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa suka gaisa da Fulatanci, don ta iya. Sannan ta koma Hausa yadda zan ji.

"Biyu gare ni, saura ɗaya. Kai za ka tafi da shi, kai za ka dawo min da shi."

"In Allah ya yarda, Hajiya," in ji shi.

Mun ɗaure kekunan a saman mota muka bi ta Misau da Darazo zuwa Bauchi, daga nan muka canza mota. Wurin tashin tseren cike yake da mutane, matasa sun fi yawa, wasu daga Legas, wasu Turawa, kekunansu kamar ka ɗaga da yatsa biyu. Aka ba mu lamba muka maƙala. A takardar tawagarmu an ja layi a kan sunan ƙanena da biro, an rubuta na abokina a sama. Na sa hannu a gefe.

Ranar farko mun gama, muna cikin na ƙarshe. Duwatsun Shira wasa ne a kan waɗannan. Sanyin safiya ya sa yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, abokina kuwa sai murmushi yake yana cewa tsohonsa bai yi ƙarya ba. Rana ta biyu, bayan azahar, cinyoyina suka ɗaure a tsakiyar wani dogon hawa. Na sauka na tura, na sake hawa, suka sake ɗaurewa. Akwai wurin da dole a wuce kafin ƙarfe uku, in ba haka ba an fita daga tseren. Shi da ƙarfinsa, da ya tafi da ya isa. Na ce ya je ko don ya ga ƙarshen hanyar. Sai ya karɓi kekena ya haɗa da nasa yana turawa, ni ina binsa ina ɗingishi. Mun iso wurin uku ta wuce da kusan rabin awa. Wani mutum mai riƙe da takarda ya ba mu haƙuri ya cire lambobinmu.

Aka ɗora mu a bayan wata motar ɗaukar kaya tare da wasu mutum shida da suka makara. Wani saurayi a cikinsu yana ta share hawaye. Na kalle shi na ga abin ya dame shi ƙwarai, na kuma ga ya dace ya dame shi. Abokina yana ta leƙen shanun da muke wucewa, yana cewa ƙahonsu bai kai na namu ba amma sun fi ƙiba.

Mun iso Azare bayan la'asar ranar Lahadi. Kai tsaye gidan mahaifiyata muka nufa. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta juya wurinsa.

"Yana cin abinci a can?"

"Yana ci, Hajiya, amma sai an miƙa masa."

Ta sa aka kawo mana tuwo da miyar kuka. Ya ci ya yi sallama don ya isa ruga kafin magariba. Ranar Litinin aka kira ni wani ƙauye bayan Bulkachuwa, shanu bakwai sun kamu da ciwon baki da kofato. Ƙafafuna ba su sake ba tukuna, sai na ɗauki babur.