Kunyar Tsuntsaye

'Yata ta fari tana da shekara goma ta fara ɗauke min waya. Duk ranar da na dawo daga kai hatsi Dawanau, sai na tarar wayar ta cika da hotunan rassa. Reshen kuka, reshen darbejiya, babu ko gashin tsuntsu. In na tambaya sai ta ce, "Wallahi yanzu ya tashi." Ƙannenta har suna suka sa mata, mai hoton itace.

Sannu ba ta hana zuwa. Ta koyi juya wa rana baya, ta koyi zama kamar an dasa ta. Kurciya ta fara kamawa a hoto, sai balbela a bayan saniya, sai cilakowa da dogon bakinta. Ni da na haife ta ban san tana da wannan haƙurin ba, don a gida ko tuwo ba ta jira ya huce.

Da gero ya fara nuna, Baba, mahaifina, ya tura ta korar tsuntsaye a gonarsa ta hanyar Tsanyawa. Aikin yara ne: a ja igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, a yi ta ihu. Da hantsi muka leƙa ni da shi, muka ji gona tsit. Yarinya ta saki igiya ta laɓe a gindin kuka da wayata a hannu, jan-baki kuwa sun sauka suna ta biki a kan geron.

Ran Baba ya ɓaci. Ya ce daga yau ita da waya har abada. Ni kuwa na san Baba ba ya magana biyu.

Ta matso da hawaye ta miƙa masa wayar. Jan-baki ne guda, ƙwayar gero a bakinsa, idonsa tar. Baba ya kai fuskarsa kusa, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," in ji shi. "Tun ina yaro nake korar ɓarawon nan, sai yau na ga fuskarsa. Ashe kyakkyawa ne."

Daɗi ya kama ni har na kasa ɓoye dariya. Ya harare ni, sannan ya juya ga jikarsa, ya nuna mata kunyar gero ta ƙarshe ta gindin kukar.

"Amarya, waccan na bar wa baƙinki. Sauran gonar kuwa, ja igiya."