Faifan Kawu Halilu a Gonar Shinkafa

Sau ɗaya Kawu Halilu ya taɓa shiga silima. Yana saurayi ya raka motar albasa daga Wurno zuwa Sakkwato, direban ya ja shi kallon wani fim na Indiya. Kafin ya dawo gida labari ya riga shi isowa, mahaifinsa ya yi masa dukan da ya raba shi da silima har abada. Amma dukan bai fitar da wata waƙa ta cikin fim ɗin daga kansa ba. Da ita ya yi aure, da ita ya yi furfura, kuma bai san sunanta ba, bai san sunan fim ɗin ba.

Manomi ne. Shi da yayansa Malam Lawwali gandu ɗaya suke nomawa a fadama, albasa da rani, shinkafa idan ruwa ya samu. Malam Lawwali shi ne maigida, shi ne kuma limamin masallacin ƙofar gida, kuma a wajensa duk abin da ke fitowa daga rediyo shashanci ne, in ban da sanarwar rasuwa. Halilu kuwa adaka guda yake da ita cike da kaset. Duk adireshin da ya gani a bayan kwalin kaset sai ya sa a rubuta masa takarda, Kano ko Legas, a ce yana neman waƙar nan da ake yi a kan jirgin ƙasa. 'Yan kasuwar nan masu kirki ne, ba su taɓa cewa babu ba. Duk abin da ya ƙi sayuwa a shagonsu sai su aiko masa ta gidan waya.

Da na dawo daga karatu na je gaishe shi, ko amsa gaisuwar bai gama ba.

"Zayyanu, kai da kaz zauna cikin mutanen Indiya, ka san waƙag ga ta bisa jirgin ƙasa?"

"Kawu, ai Malesiya na yi karatu."

"To mi ar raba su? Duk wajje guda na. Ka biɗo man ita cikin kwamfuta."

Haka muka fara zarya gidan intanet a Sakkwato. Alamominsa ba su da yawa. Jarumin yana da gashin baki, matar tana sanye da rawayen zane, kuma ya kalli fim ɗin lokacin da ake aikin dam na Goronyo. Na rubuta wannan a wani dandali na masu tara tsofaffin faifai. Da yawa suka yi mana dariya, suka ce rabin finafinan ƙasar ke nan na kwatanta. Daga baya wani dattijo mai shago a Ingila ya aiko da hotunan bangon faifai. Wani hoto yana buɗewa a hankali daga sama, da ya iso idanun matar sai Kawu ya miƙe tsaye.

"Ita ta! Wallahi ita ta!"

Duk masu cike takardun jarrabawa a ɗakin suka waiwayo. Faifan sidi ne, kuma guda ɗaya ya rage wa mai shagon. Wani abokin karatuna ya biya da katinsa, aka sa a gidan waya.

Saƙon ya iso Sakkwato lokacin da shinkafa ta fara nono. Wanda bai san fadama ba bai san abin da wannan ke nufi ba. Tsuntsayen jan-baki kan sauko kamar hayaƙi, su tsotse gona kafin mutum ya sallame salla. Kowa yana gona da majajjawa da gwangwani, kuma a shekarun nan an gano cewa tsohon faifan sidi, idan aka ɗaure shi da zare a kan kara, walƙiyarsa tana firgita su. Ba a bar faifai ko ɗaya a cikin gari ba, har na wa'azi an rataye.

Mainasara direba ya kawo ƙunshin Wurno ranar da Kawu ya tafi kasuwar Gandi. Ya yi abin da kowane mai tarbiyya zai yi, ya miƙa wa maigida. Malam Lawwali ya buɗe a zaure, ya ga faifai mai ruwan zinariya, irin wanda bai taɓa gani ba. Matsala ɗaya ce, a bayansa akwai hoton mace ba lulluɓi. Ya ɗauko aska ya kankare fuskar tas, ya yi bismilla, ya kai gona ya rataye a kan gora mafi tsawo.

Kawu ya dawo ya tarar an idar da la'asar, jama'a suna zaune a ƙofar masallaci.

"Ga shi nan," in ji Malam Lawwali. "Jama'a ku taya ni gode ma Allah, Halilu ya yi hankali. Shekara da shekaru muna cewa wawanci shikai da takardun ga, ashe maganin tsuntsu shika biɗa muna. Daga Ingila hwa! Allah shi yi ma albarka, Halilu."

Aka amsa da amin. Kawu ya haura hamsin, kuma yayansa bai taɓa sa masa albarka a gaban mutane ba. Ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya ce, "Ai ba komi, Yaya."

Washegari ya same ni.

"Ɗan nan, rana tana kashe waƙa?"

"Tana iya yi, Kawu. Ka je ka sauko da shi mana."

"In ce mai mi? In ce albarkad da yas sa man kure ta?"

Ya yi dabarar musanya shi da wani faifai, amma na zinariya ɗaya ne tak a fadamar, kuma Malam Lawwali ya mayar da tabarmarsa gindin gorar, nan yake jan carbi. Mutane suna zuwa kallo. Wani daga Rara ya roƙi a yo masa odar irinsa. Tsuntsaye, a iya ganina, sun ci abin da suka saba ci, amma Malam ya ce na bana a tsorace suke ci. Kawu kuwa ya zama mai tsaron da babu kamarsa. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana gona, idonsa a sama, yana jifan duk tsuntsun da ya kusanci gorar. Matarsa Uwaliya ta ce tun aurensu ba ta ga ya kula da wani abu haka ba, har da ita.

Da aka yanke shinkafa Malam Lawwali ya sauko da faifan da hannunsa, ya ce Halilu ya adana shi saboda baɗi. A ranar Kawu ya aro na'ura, ya wanke faifan da ruwan randa, ya goge da hularsa. Muka zauna a ƙofar ɗakinsa ni da shi da Uwaliya.

Waƙoƙin farko suka fito lafiya, sai ɗan sarƙewa. Tasa ita ce ta ƙarshe. Aka busa sarewa, Kawu ya rufe ido. Namijin ya rera baitinsa yana kiran matar. Daidai inda za ta amsa, inda askar ta bi ta baya, na'urar ta yi gyatsa ta tsaya. Muka mayar baya. Namijin ya sake kira, ta sake yin shiru. Muka gwada har batir ya fara rauni.

Malam Lawwali ya zo wucewa da butarsa, ya tsaya ya saurara.

"Wanga hwa shina magana?"

"Kaɗan, Yaya."

"Wa shika kira?"

"Wata mata ta."

"Ta amsa?"

"A'a."

"To ta san gidan da taf fito," in ji Malam, ya wuce alwala.

Kawu ya jira har takun yayansa ya yi nisa. Ya mayar da waƙar, namijin ya kira, sai shi ya siranta murya ya amsa da baitin matar daga farko har ƙarshe, da harshen da babu mai jinsa a Wurno, kuma ina zaton babu mai jinsa a Indiya. Uwaliya ta ɗauki faifan tankaɗenta ta miƙe.

"Da kay yi wannan a gona," ta ce, "da ko tsuntsu guda bai sabka ba."