Jirgin Egya Bentsil a Kan Hanyar Tifa

Egya Bentsil ya yi shekara arba'in yana tuƙa jirgin masunta a ƙauyenmu na gaɓar yammacin Ghana kafin gwiwa ta ajiye shi. Yanzu yana zama a bakin teku, matasa masu hawan igiyar ruwa da allo suna kewaye shi. Bai taɓa hawa allo ba, amma shi suke tambaya inda za su shiga.

"Ku daina kallon sama, ƙasa ke aikin," yakan ce musu. "Igiya tana tahowa lafiya har cikinta ya gogi tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa. A nan ne take miƙewa ta karye. In tudun a karkace yake, sai ta riƙa karyewa daga gefe ɗaya, ku bi ta. In ya baje, sai ta faɗo gaba ɗaya kamar katanga."

Araba, wadda ta fi su iya hawa, takan tsokane shi: "Egya, ka gani da idonka ne?"

"Da ƙafata, mara kunya. Kafin a haifi uwarki."

Bara wani ɗan kwangila ya fara turo tifa tana kwasar yashi a bakin kogi, inda tudun ke samun yashinsa. Cikin wata biyar igiyar ta lalace, ruwa ya soma cin gindin ɗakin Bentsil. Ya kai ƙara sau biyu, ba a yi komai ba.

Wata Talata, ranar da al'ada ta hana jirgi shiga teku, ya sa aka jawo tsohon jirginsa aka gindaya a hanya ɗaya tak da ke gangarawa bakin kogin. Ya hau ya zauna da guzurinsa na dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye.

Direban tifa ya leƙo. "Tsoho, janye mana wannan ruɓaɓɓen katakon."

"Ga shi ga ku."

Direban ya kira leburorinsa su tura shi gefe.

"Ku tura," in ji Bentsil. "Gefen nan gangare ne. In ya zame ya faɗa teku yau Talata, ku za ku yi wa sarkin masunta bayani."

Leburorin duk 'ya'yan masunta ne. Suka dubi juna, suka koma inuwa. Tifa ta juya ba kaya.

Da rana Araba da abokanta suka yi ta jido yashi a baho har suka cika jirgin maƙil. Ran Laraba ɗan kwangilar ya turo mutum goma, suka kasa motsa shi.

"Ba yashi kuke nema ba?" Bentsil ya tambaye su. "Ga shi nan. Sai dai ina kai."

Wata bakwai ke nan tifa ba ta sauka ba. Tudun bai dawo ba tukuna, bangon ɗakinsa na baya kuma ya riga ya faɗi. Ya ce kogi na buƙatar damina biyu, kuma ba inda za shi kafin nan.