Desanka, Wadda Ta Ƙona Bukkarta da Hannunta

Kafin rana ta taɓa kan duwatsun Sinyavina, Desanka ta riga ta tatsi saniyarta, ta tuƙa tuwon masara da dankali da cuku, ta ajiye a bakin murhu don duk wanda yunwa ta koro. Sannan ta ɗauki gwangwanin jan fenti ta bi hanya tana sabunta alamun jikin duwatsu, waɗanda masu yawon dutse ke bi idan hazo ya rufe. Ba wanda ya ɗauke ta wannan aiki. Mijinta Radoye ne ya fara, da ya rasu ta ɗora. Idan kaka ta shiga, makiyaya suka gangara da tumakinsu, hayaƙin bukkarta kaɗai ke saura a kan tudun har ƙanƙarar farko ta sauka.

Bana gwiwoyi sun ƙi, ta yi saukowar ƙarshe. Kowa a ƙauyukanmu yana da labarinta. Wani ta ɗaure masa karaya, wani ta tsinto shi cikin hazo yana zagaye dutse ɗaya. Amma wanda ya kamata duniya ta ji shi ne na kakar da aka yi fari, wanda mutum uku suka gani da idonsu.

A shekarar ciyawar tudun ta bushe ƙayau, ta kai gwiwa, ko ina ka duba rawaya. Da hantsi baƙi uku suka sha madara a ƙofarta: Vukashin, da matarsa Yelitsa, da mahaifinta Obrad, dattijo mai ciwon ƙirji da ya nace sai ya sake ganin inda ya yi kiwo yana yaro. Suka kafa tanti a kwarin da ke bayan bukkar.

Da rana ta take, Desanka tana durƙushe gaban wani dutse sai ta ji ƙauri. Ta ɗago. Can yamma hayaƙi ya tokare sama, ƙarƙashinsa jan layi daga wannan gefe zuwa wancan, iska kuma tana turo shi. Hanyar gangara tana nan kusa da ita, da ta bi da ta tsira. Ta yar da gwangwanin ta nufi kwarin da gudu.

"Ku fito! Ku bar kayan, ku ɗauko barguna kawai!"

"Inna, lafiya?" in ji Yelitsa.

"Ba lafiya ba. Kama Babanki."

Suka kama Obrad suka fara hawa. Kafin su kai rijiyar da ke bayan bukkar ya zube, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Toka ta fara sauka a kafaɗunsu. Zomaye suna wuce su a guje.

"Zan goya shi," in ji Vukashin. "Mu yi hanyar gangara."

"Ko doki ba zai kai ba, ɗana. Tsoma bargunan a ruwa."

Desanka ta duba yamma, ta duba gabas. Wutar tana bayansu, iska tana kaɗawa gaba. Mafita ɗaya ce: ta ƙona ciyawar da ke gabansu, su shiga tokar, wutar da ke tafe ta rasa abin ci. A gaban nasu kuwa akwai tarin ingiricin da ta yanka duk rani don saniyarta, da bukkar katakon da Radoye ya gina. Ta tsaya kamar an dasa ta. Sai ta ruga ta kwance saniyar, ta jawo ta, ta zaro ashana daga aljihu.

Vukashin ya cafke hannunta. "Inna, kin haukace? Wuta ta biyo mu, ki ƙara wata?"

"Sake ni."

"Ɗakinki ne fa a can!"

"Na fi ka sanin ɗakina. Sake ni, in ba so kake ka binne matarka ba."

Ya sake ta. Iska ta kashe ashanar farko. Ta biyu ta karye. Ta durƙusa ta kare ta uku da jikinta, ciyawa ta kama. Kafin ƙiftawar ido wutar ta ruga gaba, ta lashe ingiricin, ta haye rufin bukkar. Desanka ba ta kalla ba.

"Ku shiga tokar! Ku kwanta rub da ciki, ku rufa!"

Ƙasa tana ƙona tafin hannu. Ta tuɓe rigar sanyinta ta rufe wa saniyar ido, ta naɗe igiyar a hannu, ta kwanta gefen Obrad. Babbar wutar ta iso da ruri kamar kogi ya ɓalle. Rana ta ɓace. Ƙarƙashin bargon numfashin dattijon ya fara yankewa, Yelitsa tana kiran "Baba! Baba!" ba amsa.

Desanka ta matsa bakinta kusa da kunnensa. "Kai tsoho, kada ka kuskura ka mutu a nan. Wa zai ɗauke ka? Ni dai gwiwata ba ta iya ba. Ja numfashi tare da ni. Ja!"

Sai tari, sannan wata murya can ƙasa: "Baiwar Allah... bakinki ya fi wutar zafi."

Wutar ta rabu biyu ta wuce su. Da suka yaye barguna, duniya baƙa ƙirin ce, inda bukkar take sai murhun dutse a tsaye. Igiyar ta yanki Desanka a tafin hannu, jini yana ɗiga. Ta daɗe tana kallon murhun. Yelitsa ta zo ta rungume ta tana kuka, ita kuwa ta share ido da bayan hannu ta ce, "To, ya isa, 'yata. Mu gangara tun da sauran haske."

Da bazara maƙwabta suka sake mata wata bukkar, Vukashin na cikin masu ɗaukar katako. Obrad ya rayu har ya ga jikarsa tana tafiya.

Desanka, ke ce kika ga hanyar tsira kika juya mata baya. Ke ce kika cinna wa abin da mijinki ya bar miki wuta saboda mutanen da ko sunansu ba ki gama riƙewa ba. Uwar tudu, mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu.

Mu kuma da muka rage, godiyar baki ba ta isa ba. Kaka mai zuwa baƙi za su hau tudun nan kamar kullum, kuma Desanka ba ta can. Sai ɗayanmu ya hau.